Na ƙi buga wa Kawu hatimi saboda dangwale: ku auna mini

Maman Hanifa
Assalamu alaikum jama'ar gida. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun ranar Asabar, ina so ku auna mini shi, musamman lauyoyinmu da malamanmu.

Shekara shida ke nan ina riƙe da hatimin notari a nan Kalifoniya. Ga wanda bai sani ba, notari a Amurka ba lauya ba ne. Aikinmu shaida: mutum ya zo gabanka da ƙafarsa, ka tabbatar shi ɗin ne, ya sa hannu ko ya amsa cewa sa hannun nasa ne, ka buga hatimi, ka shigar a kundi. Wannan kundin doka ce ta wajabta mana shi a jiharmu. Guda ɗaya kake amfani da shi, layi bayan layi, ba tsallake. Kowane layi yana ɗauke da rana da lokaci, irin takardar, sa hannun mutumin, katin da ya nuna, da kuɗin da ka karɓa. In kuwa takardar ta shafi gida ko fili, ko ta wakilci ce, dole mai sa hannu ya dangwala babban yatsansa na dama a cikin kundin.

To, wani dattijo da muke kira Kawu, ba na jini ba amma ya riƙe mu kamar 'ya'yansa tun zuwanmu, yana so ya ba ƙaninsa wakilci ya sayar masa da fili a gida. Ɗansa ya kawo mini takardar an riga an sa hannu, ya ce Anti buga kawai za ki yi. Na ce sai na ga Kawu. Na ɗauki jakata na je har gidan. Na tarar da falo cike, har da surukansa biyu. Ya ba ni fasfo ba musu, ya sa hannu a kundi ba musu. Da na buɗe ɗan akwatin tawada na miƙa masa, sai ya janye hannunsa ya sa a aljihun rigarsa. Ya ce shekara talatin ya yi yana koyarwa, ba a taɓa sa shi dangwale ba, dangwale na wanda bai je makaranta ba ne. Na yi bayani, bai saurara ba. Na rubuta a layin cewa ba a kammala ba, na tattara kayana na fito ban buga ba.

Yanzu magana ta zaga cewa na wulaƙanta babba. Wallahi ko barcin kirki ba na yi. Na yi kuskure ne?

Baban Sadiq
Wa alaikumus salam. Hajiya, gaskiya ɗaya ce, kin tsaurara. Kin san mutumin nan, kin ci abincin gidansa, ya ba ki fasfo, ya sa hannu a gabanki. Me ya rage? An yi dokar ne don baƙon da ba a sani ba. Kuma takardar ma gida za ta tafi, wa zai zo daga can ya duba yatsa a kundinki?

Maman Hanifa
Alhaji, da haka dokar take da na fi kowa murna. Tun 2008 aka cire mana "na san shi" a Kalifoniya. Ko wadda ta haife ni ce ta zo sai ta nuna kati ko a kawo shaidu su rantse. Kuma rashin karɓar dangwale inda ya wajaba tara ce da za ta iya kaiwa dala 2,500, a kan aikin da kuɗinsa bai wuce dala 15 ba. Ni ko kwabo ban yi niyyar karɓa a hannun Kawu ba.

Baban Sadiq
To kin ga ashe kanki kike karewa, ba shi ba.

Barista na Kaduna
Alhaji Baban Sadiq, bari in amsa tambayarka ta wa zai duba, domin mu ne muke dubawa a nan.

A dokar shaida ta Najeriya ta 2011, sashe na 150, kotu tana ɗaukar takardar wakilci da aka sa wa hannu a gaban notari ya kuma tabbatar da ita a matsayin an yi ta yadda ya kamata. Ma'ana, ranar da rigima ta tashi, wanda ya ce ƙarya ce shi zai ɗauki nauyin kawo hujja. Hatimin Hajiya ke nan yana da nauyin da zai iya fitar da fili daga hannun iyali ya sa shi a hannun wani. Kuma rigimar fili ba ta tashi yau. Tana jira sai mai fili ya kwanta dama, sai an zo rabon gado, sai wani ɗa ya ce Baba bai taɓa sayarwa ba, ko ya ce a lokacin Baba yana asibiti bai san inda kansa yake ba. A ranar Kawu ba ya nan da zai ce ni na sa hannu. Hajiya kuma ta yi wa mutum dubu aiki a tsakani, ba za ta tuna rigar da ya sa ba. Abin da zai yi magana shi ne layin nan: ranar kaza, ƙarfe kaza, fasfo kaza, ga yatsa. Sa hannu ana kwaikwayonsa, na ga wanda ni kaina ban iya bambancewa ba. Yatsa ba a arawa.

Don haka dangwalen na ƙanin Kawu ne, kada wata rana a kira shi ɓarawo, kuma na 'ya'yan Kawu ne, kada a cuce su.

Ɗan Maraɗi
Salamu alaikum. Ni abin da ke ba ni mamaki shi ne a ce notari ba masanin doka ba ne. Mu nan Nijar tsarin Faransa muka gada. Noter, wato notarinmu, babban mutum ne, ya yi karatun shari'a, shi ke rubuta takardar da kansa. Asalin takardar da kowa ya sa wa hannu ba ta fita daga ofishinsa, kwafi ake ba ka. Bayan haka yana da rajista da yake jera kowane aiki bi da bi. In ya rasu ko ya aje aiki, wanda ya gaji ofishin shi ke gadon takardun. A Faransa kanta noter yana riƙe asalin takarda shekara 75 kafin a miƙa ta gidan adana tarihi, kuma tun dokar sarki Faransuwa na ɗaya ta 1539 aka umarce su da ajiye rajista. Shi ya sa a Paris har yau ana buɗe takardun aure da na cinikin gida na shekara ɗari huɗu da suka wuce.

Ku a Amurka takardar tana tafiya da mai ita, ba abin da ya rage a hannunku sai layi guda. In kuka yi wasa da layin me ya saura?

Maman Hanifa
Malam, ka faɗi abin da na kasa faɗa wa Kawu. Ba na riƙe kwafin komai. Layin nan shi ke nan.

Abu Zango
Ni a Buronks ta birnin Niyok nake, muna da ɗan ofis na haraji da tikitin jirgi, mutanenmu na Kumasi da Nima da 'yan Najeriya duk suna zuwa. Shekaru na yi ina buga hatimi ba kundi, domin Niyok ba ta tilasta ba a da. Sai a 2023 aka ce kowane notari ya riƙa ajiye bayanin aikinsa shekara 10. Na yi ƙorafi sosai a lokacin, ga layi a ofis, ga mutum yana sauri zai koma aiki, kai kana rubuce-rubuce.

Abin da ya juya mini tunani wata baiwar Allah ce. Ta zo da wata takarda ta kafin dokar mai hatimina, ta ce an cire kuɗi da sunanta ita kuwa ba ta taɓa taka ofishina ba. Na kalli hatimin, kamar nawa. Na kalli sa hannun, kamar nawa. Ta ce ɗan'uwa ka tuna fuskata? Ban iya cewa e ba, ban iya cewa a'a ba. Ta tsaya tana hawaye a bakin kanta, ni kuma ba ni da abin da zan buɗe in nuna mata. Har yau ban san ko an saci hatimina ba ne ko wata ce ta zo mini da katinta. Wannan rashin sanin yana damuna fiye da a ce an kama ni da laifi.

Hajiya Ladi
Allah sarki. Allah ya saka mata.

Amma Maman Hanifa, ni ta wani ɓangare zan zo miki, kuma ki yi haƙuri da ni. Ban ga laifinki a kan ƙin bugawa ba. Laifin da na gani shi ne wurin da kika buɗe tawadar. Kin ce da surukansa a falon. Ke kin taso a gida, kin san me dangwale yake nufi ga mutanen zamaninsu. A wurin biyan albashi da banki da kotu, mai ilimi ya ɗauki biro, wanda bai iya ba a kama hannunsa a dangwala. Malamin makaranta da ya yi alfahari da sa hannunsa shekara talatin, ki miƙa masa tawada a gaban mijin 'yarsa? Da tun a waya kika gaya wa ɗansa, ko kika ce Kawu mu ɗan keɓe, da ba a kai nan ba.

Maman Hanifa
Yaya Ladi, wannan ta shige ni. Ban yi tunanin haka ba ko kaɗan. Na saba da Turawa da 'yan Meziko, kowa miƙo yatsa yake yi ba ya ko kallo, likita ne ko lebura. Na manta abin da yake nufi a wurinmu. Na karɓi wannan.

Malam na Tudun Wada
Bismillah. Ina so in tunatar da Alhaji Baban Sadiq, da ni kaina, cewa maganar "ai mun san juna" Alƙur'ani ya riga ya amsa ta. Ayar da ta fi kowace tsawo ita ce ta 282 a Baƙara, kuma a kan rubuta bashi take. An ce marubuci ya rubuta a tsakaninku da adalci, an ce a kafa shaidu, an ce kada ku ƙosa da rubuta shi ƙarami ne ko babba. Sahabbai aka fara faɗa wa haka, mutanen da suka fi mu amana nesa ba kusa ba. A cikin ayar kuma aka ce kada a cutar da marubuci ko shaida. Masu yamiɗiɗi da sunan Hajiya su duba wannan gaɓar.

Kuma mazhabarmu ta Malikiyya ta daɗe da wannan sana'a. A Maroko har gobe akwai adulai, su biyu suke karɓar shaida, su shigar a littafin ajiyarsu, alƙali ya sa hannu a kan takardar. A 2018 aka buɗe wa mata ƙofar shiga aikin. Don haka abin da 'yarmu take yi ba baƙon abu ba ne a Musulunci.

Sai dai na goyi bayan Hajiya Ladi. Gaskiya tana son a yi mata shimfiɗa.

Baban Sadiq
Malam, na ji, kuma ba na jayayya da aya. Amma ayar ta ce a rubuta, ba ta ce a tara sirrin mutane a jakar mace ɗaya ba. Ga abin da ke damuna na haƙiƙa. Wannan kundin yana ɗauke da sunayen mutanenmu, lambar fasfonsu, sa hannunsu, yatsunsu, da wanda ya sayar da gida da wanda ya ba da wakilci. Mu nan 'yan kaɗan ne, kowa ya san kowa. In na zo sa hannu na ga sunan maƙwabcina a layin sama fa? In aka fasa motarta aka ɗauke jakar fa?

Maman Hanifa
Alhaji, wannan tambaya ce ta gaskiya, kuma ita ce ta fi ba ni tsoro a aikin. Doka ta ce kundin ya zauna a kulle, a ƙarƙashin ikona ni kaɗai. Nawa yana cikin ƙaramin akwatin ƙarfe, makullin yana tare da na motata, ko maigidana bai taɓa buɗewa ba. Ba na barin sa a mota ko na minti biyar ne. In mutum zai sa hannu ina da wani kwali da na yanka, ina rufe layukan sama da shi, nasa kawai yake gani. In ya ɓata ko aka sace, dole in sanar da ofishin sakataren jiha, mai naɗa notari, nan take a rubuce.

Kuma ba wanda zai zo ya ce in ba shi ya duba. Mai neman bayani sai ya rubuto, ya faɗi sunayen masu takardar, irin takardar, da wata da shekarar da aka yi ta. Sannan in ba shi hoton wannan layin kaɗai cikin kwanakin aiki 15. Wanda bai san waɗannan ba yawon gulma ya zo, ba ya samun komai.

Injiniya Hiyustan
Baban Sadiq yana da abokan ra'ayi a Teksas. Mu nan ana ajiye kundi, amma an hana notari rubuta lambar katin mutum ko ta fasfonsa a ciki, sai dai ya ce lasin tuƙi ne ko fasfo ne. Dalilin shi ne kundin abu ne da jama'a ke iya neman kwafinsa. Kowace jiha da inda ta fi jin tsoro: Kalifoniya tana tsoron mai satar gida, Teksas tana tsoron mai satar suna.

Ummu Khalil
Tambaya Anti. Ni a wani shagon aika kaya nake aiki, mai shagon ne ya biya mini kuɗin jarrabawa da hatimi da kundin. Zan bar aikin wata mai zuwa, ya ce in bar masa kundin tunda kuɗinsa ne. A Kalifoniya nake ni ma.

Maman Hanifa
Kada ki bari, ƙanwata. Ko shi ya saya, kundin naki ne ke kaɗai, doka ta hana ki miƙa wa mai aiki. Abin da zai iya shi ne ya nemi kwafin layukan da suka shafi harkar shagonsa, a yi a gabanki. Ki tafi da kundinki da hatiminki. In kuma kin daina aikin gaba ɗaya, ko wa'adinki na shekara huɗu ya ƙare ba ki sabunta ba, sai ki kai kundin ofishin magatakardan gundumar da kika yi rantsuwa cikin kwana 30. Ki faɗa masa da ladabi, amma ki nuna masa a rubuce, yana cikin littafin da sakataren jiha ke fitarwa.

Injiniya Hiyustan
Don a ga cewa abin ba na talaka kaɗai ba ne: a 2024 an kusa yin gwanjon Graceland, gidan mawaƙi Elvis Presley a Memfis. Wani kamfanin bogi ya fito da takardu cewa 'yarsa, wadda ta rasu a 2023, ta ci bashin dala miliyan 3.8 ta jinginar da gidan. Takardun suna ɗauke da sunan wata notari ta Filorida. Matar ta yi rantsuwa cewa ba ta taɓa haɗuwa da marigayiyar ba, ba ta kuma buga mata komai ba. Alƙali ya dakatar da gwanjon, daga baya aka kama wadda ta kitsa abin ta amsa laifinta. Ku lura sai da mai gidan ta mutu aka fito da takardar, daidai yadda Barista ya faɗa.

Barista na Kaduna
Haka ne. Kuma kada mu yi ta kallon Amurka mu manta gida. A Najeriya notari lauya ne, Alƙalin Alƙalai na ƙasa ke naɗa shi, sunansa yana rajistar Kotun Ƙoli, kuma sabuwar dokar 2023 ta buɗe hanyar yin aikin ta intanet. Amma zan faɗi abin da na gani da idona. Na taɓa bin wata takarda zuwa ofishin da aka buga ta, a kan gidan wasu marayu. Na ce a nuna mini inda aka shigar da ita. Yaron ofis ya jawo durowa, ga hatimi, ga jan lika, ba littafi. Ya ce oga ba ya nan ranar, shi ya buga. Uwar yaran tana zaune a waje a kan benci da jaririnta a baya. Shekara huɗu muka yi a kotu a kan abin da layi ɗaya zai kashe cikin minti ɗaya. Tun daga ranar duk takardar da ta bi ta hannuna sai na shigar, ko an tambaye ni ko ba a tambaye ni ba, kuma a gaban mai ita nake rubutawa. Abin da aka ce "zan cike da yamma" ba kundi ba ne, tuna baya ne.

Abu Zango
Barista wannan ta ƙarshen ita ce. Ni yanzu kundi nake fara cikewa kafin in taɓa hatimi. In na fara bugawa mutum ya ɗauki takardarsa ya fice, ba ka sake ganinsa.

Baban Sadiq
Na sauko a kan kundi. A kan yatsa har yanzu ina ganin da an bar wa notari ya duba wanda ke gabansa. Amma tunda ba Hajiya ta kafa dokar ba, ba ita za a zarga ba. Zan kira Kawu da kaina yau bayan Isha'i, ni da shi ba ma ɓoye wa juna magana.

Hajiya Ladi
Allah ya yi albarka, Alhaji. Maman Hanifa, ki je da wani abu a hannu, kada ki je da jakar aiki kaɗai.

Maman Hanifa
Jama'a, na dawo da labari. Na je jiya bayan La'asar da ƙullin dabino da turare. Na tarar da shi shi kaɗai a ɗakin karatunsa, Alhaji Baban Sadiq ya riga ya yi magana da shi. Na durƙusa na ba shi haƙuri a kan yi masa maganar a gaban surukai. Ya yi shiru, sannan ya ce in kawo littafin ya gani. Na rufe sunaye da kwalina, na bar masa gefen da yatsu suke kawai, shafi bayan shafi. Na ce Kawu, a cikin waɗannan akwai masu digiri uku, akwai wanda bai iya rubuta sunansa ba, ka nuna mini wane ne wane. Ya gyara tabarau ya daɗe yana kallo.

Sai ya tambaye ni abin da ba wanda ya taɓa tambayata: in kika mutu wa zai riƙe shi? Na ce wanda ke kula da abin da na bari zai kai shi ofishin magatakardan gunduma. Ya ce in gaya wa maigidana inda makullin yake tun yanzu, in kuma rubuta a saka cikin akwatin. Na yi alkawari.

Na buɗe sabon layi da kwanan watan jiya, ban koma kan na Asabar ba, wancan yana nan yadda na bar shi da bayanin cewa ba a kammala ba. Ya karanta takardar wakilcin tun daga sama har ƙasa da ƙarfi, ya ce sa hannun nasa ne, ya sa hannu a kundi, ya miƙo babban yatsansa. Na rubuta ƙarfe 5:40, a gurbin kuɗi na sa sifiri, sannan na buga.

Barista, saura tantancewa kafin a aika gida. Tunda Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar Heg ta apostil, wadda ke sa ƙasashe su karɓi takardun juna da tambarin tantancewa guda ɗaya, daga sakataren jiha sai ina, kuma ofishin jakadanci na Washinton ko ƙaramin ofishi ya kamata ɗansa ya nufa?